Neman kalma: me za mu kira deposition na lauyoyin Amurka?

Maman Ilham: Assalamu alaikum malamai. Ina fassara shirin rediyo kan ƙarar da Paula Jones, tsohuwar ma'aikaciyar gwamnatin jihar Arkansas, ta kai Bill Clinton, shugaban Amurka na lokacin, gobe da safe za a naɗa. Na maƙale a kan deposition, wato zaman tambayoyin da lauyoyinta suka yi da shi ranar 17 ga Janairu 1998. A taimaka.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ba da bahasi.

Barista: Ya yi kusa, Malam, amma mai sauraro zai ɗauka a kotu ne. Can galibi a ofishin lauya ake yi, tun ba a fara sauraron shari'a ba. A rantsar da mutum, lauyan abokin shari'a ya yi ta tambaya, ga mai rubuta kowace kalma. A kotunan tarayyar Amurka doka ta 30 cikin ƙa'idojin shari'ar da ba ta aikata laifi ba ta ƙayyade yini ɗaya, awa 7. Lauyan da ke kare shi zai iya cewa bai yarda da tambaya ba, a rubuta, amma dole ya bari a amsa, sai fa irin abin da ya shafi sirrin lauya da wanda yake karewa. In shaida ya sauya magana ranar shari'a, a karanto masa abin da ya faɗa. Na Clinton ma na daban ne, don alƙaliya Susan Webber Wright ta halarta.

Ɗan Gobir: To ai tatsa ce wannan. Tatsar shaida. Bahasi Larabci ne, sai yaushe za mu daina aro?

Malam Habu: Shaidar fa? Ita ma Larabci ce. Haka alƙali, shari'a, hukunci. Cire su ka ga abin da zai rage.

Ɗan Gobir: Ku mutanen Kano kun mai da ƙamus gadonku. Duk kalmar da ba ta fito daga Jami'ar Bayero ba sai ku ce ba Hausa ba ce.

Malam Habu: Ba zancen gari ba ne. Tatsa tana nuna tilas, kamar a hannun 'yan sanda.

Ɗan Gobir: Wanda aka titsiye awa 7 bisa rantsuwa, ba tilas ba ne? Tatsar shaida dai.

Barista: Hajiya, ki dai guji takardar rantsuwa, wannan rubutaccen bayanin shaida ne da muke shigarwa a kotunanmu, babu mai yi masa tambaya a lokacin. Ni da bahasin share fage zan tafi.

Maman Ilham: Na gode. A farkon shirin zan ce bahasin share fage bisa rantsuwa, in yi bayani, daga nan bahasi kawai.

Ɗan Gobir: Ya yi tsawo, Hajiya. Ki sa don lokaci ya ƙure, amma ban janye tawa ba.