Ramin kifi mai faɗin baki da tsukakken gindi: yaya ake auna shi?

Manomin Daura:
Assalamu alaikum. Na sa an haƙa mini ramin kifi a gonata da ke hanyar Mai'adua. Bakinsa mita 10 kowane ɓangare, gindinsa mita 6 kowane ɓangare, zurfi mita ɗaya da rabi. Gangara muka yi wa gefunan, don ƙasarmu jigawa ce, in aka yanke ta a tsaye ruftawa take. Jingarmu da masu haƙa a kan kubik ce, wato ƙasa mai mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi. Sun ce 10 sau 10 sau 1.5, kubik 150 ke nan. Ɗana kuma ya ce a ɗauki tsakiya, 8 sau 8 sau 1.5, ya samu 96. Ba na son cin gumin kowa, ba na kuma son biyan ƙasar da ba a kwashe ba. Wanne ne daidai? Tamfol kuma nawa zan saya?

Malamin lissafi, Ƙofar Ƙaura:
Wa'alaikumus salam, Alhaji. Masu haƙa sun yi lissafi kamar gefen a tsaye yake, alhali ƙasar da ke ƙarƙashin gangarar tana nan ba su taɓa ta ba. Yaronka ya kusa, Allah ya yi masa albarka.

Ramin naka dala ce irin ta Masar, an kifa ta, an gutsure tsininta. Daga baki zuwa gindi faɗin ya ragu da mita 4 cikin zurfin mita 1.5. Da an ci gaba da haƙa da wannan gangarar, gefunan za su haɗe a zurfin mita 3.75. Ana auna dala da baki sau baki sau zurfi, a raba uku. Cikakkiyar dalar: 100 sau 3.75, a raba uku, 125. Tsinin da ba a haƙa ba, zurfinsa 3.75 ban da 1.5, wato 2.25: 36 sau 2.25, a raba uku, 27. Cire 27 daga 125, saura 98.

Gajeriyar hanya ita ce baki sau baki 100, baki sau gindi 60, gindi sau gindi 36. A haɗa, 196, a ninka da zurfi, a raba uku, 98 dai za ta fito. Masarawa sun san wannan tun wajen shekara 1850 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wata takardarsu da ke ajiye a Mosko ta kawo dala mai gindi 4, kai 2, tsayi 6, ta ce 56. Gwada da kanka ka gani.

Magini daga Jibiya:
Alhaji, wajen tamfol kada ka yi aiki da zurfin 1.5. Sa tef ka bi gangarar daga baki zuwa gindi, mita 2.5 za ka samu. Kowane gefe 8 (tsakiyar 10 da 6) sau 2.5, wato murabba'in mita 20. Huɗu 80, ga gindi 36, duka 116. In falle ɗaya za ka shimfiɗa, 6 da 2.5 da 2.5 sun zama mita 11, ka ƙara mita guda kowane baki na binnewa, ka nemi 13 sau 13. Lungunan naɗe su ake yi, ba a yankawa.

Manomin Daura:
Allah ya saka da alheri, Malam. Gobe zan zauna da su in zana musu a ƙasa, a biya su 98. Kubik ɗaya lita 1,000 ne, ashe lita 98,000 ramin zai ci in ya cika maƙil. Mai burtsatse a kusa, kwana nawa famfon sola ke ɗauka kafin ya cika irin wannan?