Mamayau: sunan da nake ba tsirran da doka ta hana yaɗawa

Masu fassara da malaman gona, ina so mu tsayar da kalma guda ga tsirran da dokokin Turai ke kira "invasive", domin mutumin da za a iya ci wa tara ko a ɗaure saboda tsiro ya cancanci a faɗa masa laifinsa da kalmar da ba ta da harshen damo.

A Ingila, dokar kare namun daji da karkara ta 1981 ta haramta shuka wani tsiro mai suna notwid na Japan ko sa shi ya bazu a daji, dokar kare muhalli ta 1990 kuma ta sanya saiwarsa, har da ƙasar da aka haƙo tare da ita, cikin sharar da ba a zubarwa sai a wurin da ke da lasisi, saboda ɗan guntun saiwa ya isa ya sake tsira. Tarayyar Turai ta kafa tata dokar a 2014, wadda ta hana shigo da tsirran da ke cikin jerinta, da ajiye su, da sayar da su.

"Ciyawa" ba ta ɗauki wannan nauyi ba, tunda da ita ake kiwo. "Baƙon tsiro", wanda na fi ji a bakin jama'a, shi ma ya gaza, domin masara da rogo baƙi ne da suka zo daga nahiyar Amurka, kuma babu hukumar da ke farautarsu. Abin da doka ke tsoro shi ne mamaya: tsiro ya cinye wuri ya hana na gida sakat.

Saboda haka shawarata ita ce "mamayau", a kan tsarin jimrau da hanau, wato wanda mamaya ta zama halinsa. Kachalla, wato doguwar ciyawar nan da ke tsirowa a ruwa, ita ce ta tabbatar mini da dacewarta. Ba daga ƙetaren teku aka kawo ta ba, amma tun da madatsun Tiga da Challawa suka sauya tafiyar ruwa, ta toshe magudanai a dausayin Haɗeja zuwa Nguru, ta ƙwace gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi. Ita mamayau ce ba tare da baƙunta ba, notwid a Ingila kuwa "baƙon mamayau" ne, kuma wannan na biyu shi ya kamata ya shiga fassarar dokar Tarayyar Turai, domin baƙi kaɗai ta shafa.

Jam'in ne bai zauna mini ba tukuna. A yanzu ina rubuta "tsirrai masu mamaya". 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, yaya manoma ke kiran irin waɗannan a wajenku?