Besbol na waya: dabara ce ko lido aka sa wa riga?

Autan Gujungu: Jama'a, an kore ni daga gasar besbol ta waya, wasan nan da wani ke jefa ƙwallo wani ya doke ta da sanda. Wasa 30 na zagayen farko na ci 21, ni ne a sama. Aka zo fitar da gwani, wanda ya riga cin uku cikin biyar, sai wani da ya kutso da ƙyar ya lallasa ni 3-1. Na faɗa, zan kuma faɗa: wasan nan lido ne aka sa masa riga. Ka jera 'yan wasanka tara, ka danna, kwamfuta ta jefa dayis a ɓoye. Ina dabarar take?

Mai Caji: Jiya da kake ci ba ka ce lido ba ne. Har fura ka saya mana.

Malamin Lissafi: Auta, zancen dayis ba ka yi ƙarya ba. Kakan irin waɗannan wasanni, Strat-O-Matic, da ya fito a Amurka a 1961, da kati da dayis ake buga shi a kan tebur. Amma katin kowane ɗan wasa an rubuta shi bisa abin da ya yi a fili. A lido kowa siki ɗaya yake jira. A nan kai ke zaɓar wanda yake dace da duka sau uku cikin goma, ko wanda biyu ma sai da addu'a.

Autan Gujungu: To Malam, ai na zaɓa. Me ya hana ni ci?

Malamin Lissafi: Gajartar wasan. Shi besbol, gwanin masu duka ma sau bakwai cikin goma yake komawa benci hannu rabbana. Tun Ted Williams a 1941 ba a sake samun wanda ya kai huɗu cikin goma a kakar manyan gasannin Amurka biyu, American League da National League, ba. Shi ya sa Amurkawa suke buga wasa 162 a shekara, don ruwa ya kwanta a ga na ƙasa. Ko da hakan, ƙungiya mai ƙarfi wajen shida cikin goma take ci. Seattle Mariners sun ci 116 a 2001, Yankees suka fitar da su ba su ga wasan ƙarshe ba. St. Louis Cardinals da 83 kacal suka ɗau kofi a 2006. Wasa biyar ba mudu ba ne, tafin hannu ne.

Autan Gujungu: Kun ji ko? Malam da bakinsa ya tsaya mini.

Malamin Lissafi: Rabi na tsaya maka. Cin 21 ɗin nan naka ne, ban yarda dayis ya ba ka ba.

Kawu Direba: Ni ban san wannan ƙwallon sandar ba, amma na san gero. Mutum biyu su yi shuka rana ɗaya, ruwa ya sauka gonar wannan ya tsallake ta wancan, ba mai cewa komai sai Allah Ya ƙaddara. Ka dawo bayan damina goma ka leƙa rumbu, za ka gane wa ke kai taki.

Ɗan Ringim: Kawu, a gaishe ka, amma kofi ba a rumbu ake ba da shi ba. Dodgers 111 suka ci a 2022, Padres suka sallame su 3-1, daidai irin na Auta. Wa ke tuna 111? Sa'a ta fi sammako, ni ina nan.

Mai Caji: Ku dakata. Wayar a shagona ta kwana, kuma gabana aka jera 'yan wasan. Auta, babban mai jifanka da ya buga wasan farko, wa ya sake sa shi a na uku?

Autan Gujungu: An ci ni na biyu, hankalina ya tashi.

Malamin Lissafi: Subhanallah. Mai jifan farko kwana huɗu ake ba shi ya huta, shi ya sa ƙungiya ke riƙe biyar suna karɓa-karɓa. Wasan yana lissafa gajiya, har alama yake nuna maka. Ka kuma duba masu dukan abokin karawarka? In bahagwai suka yi yawa, bahagon mai jifa ake tura musu.

Autan Gujungu: Bahagon nawa na sayar da shi tun zagayen farko.

Ɗan Ringim: Duk da haka da ƙwallon nan da ya doka a juyi na tara, ƙarshen wasan, ta wuce katanga ta kawo maki, da yanzu ana ce masa gwani.

Kawu Direba: Tambayata ɗaya, ɗana. Ana zuba kuɗi a gasar nan?

Autan Gujungu: A'a Kawu, data kawai.

Kawu Direba: To madalla. Datar ma ta Hajiya ce, na sani. Gobe kasuwar Gujungu, ka fito da wuri ka taya ni lodin buhuna.