Me ya sa kwaɗi suka fi son kududdufin da ke ƙafewa?

Tambaya: Jama'a, na daɗe ina lura da dausayin wani gandun daji, kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne kwaɗi sun fi taruwa a ƙananan kududdufai masu ƙafewa, alhali ga babban tafki a kusa. Mene ne dalili?

Amsa ta farko: Malam, kifi ne dalili. Ruwan da ke ƙafewa duk shekara ba ya riƙe kifi, don haka ƙwai da 'ya'yan kwaɗi suna tsira daga masu cinye su, ko da yake dole ne su fitar da ƙafafu da huhu kafin ruwan ya janye, in ba haka ba su mutu gaba ɗaya.

Amsa ta biyu: Haka ne. Salamanda ma, wadda ta yi kama da ƙadangare amma ba ta da ɓawo a jiki, wasu nau'o'inta can suke zuba ƙwai. Fatarsu duka tana shan ruwa da iska, shi ya sa nake baƙin ciki idan maganin feshi ya gangara cikin dausayi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Ashe cike irin waɗannan ramuka da ƙasa ɓarna ce babba.