Zan rufe shagona nan da wata uku, ta ina zan fara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 11 ke nan ina riƙe da ɗan shagon kayan masarufi a bakin layinmu a Kano. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 jarin yake zaizayewa. Sai in sayar da katan, in koma kasuwar Singa in tarar kuɗin ba za su sayo wani ba. Haya za ta ƙare nan da wata uku kuma ba zan sabunta ba. Akwai sauran kaya, firiza, ƙaramin janareta, POS, da littafin bashi da ya kusa cika. Ni ma dila yana bi na. Abin da ke sanyaya mini rai mutanen layi ne. Mai shayi ya daina karɓar kuɗina, wata tsohuwa kullum sai ta tsaya ta sa mini albarka. Ina so in rufe ban ci haƙƙin kowa ba, ban kuma ɓata da su ba.

Dila a Singa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya musanya da mafi alheri. Kada ka fara da shelar rufewa, fara da littafin bashi. Ranar da labari ya bazu, mai niyyar biya ma sai ya ja ƙafa. Daga yau ka tsayar da ba da sabon bashi, ka bi ma'aikata a kwanakin da albashi ke shiga, wata biyu a jere. A watan ƙarshe ne za ka sanar.

Kaya kuma ka kasa su uku. Masu gudu, irin sukari, taliya, madarar ƙulli, omo da magi, ka ci gaba da saro su kaɗan-kaɗan, rabin katan rabin katan, domin kanta in ta yi fayau mai saye ba ya tsayawa, sai sauran kayan su kwanta maka. Masu nauyin tafiya, irin turare, man shafawa da gwangwanaye, kada ka ƙara ko ɗaya. Na uku su ne waɗanda wa'adinsu bai wuce wata uku ba. Fito da su gaba, ka karya farashi tun yanzu, ko da uwar kuɗi kawai za ka mayar. Katan da ba a buɗe ba ka kai wa dilan da ke bin ka a rage daga bashin, yawanci ana karɓa in kwanan wata na da sauran nisa. Kuma ka je masa da ƙafarka kafin ya ji a bakin wani.

Mai gyaran firiza: Baba, kada ka kashe firizar ka ajiye sannan ka nemi mai saye. A zo a gan ta tana ƙanƙara, ta fi daraja, musamman a bazara ko gab da azumi. In ba ta sayu ba, narkar da ƙanƙarar, goge ta ta bushe, ka bar murfin a ɗan buɗe, in ba haka ba ta yi fumfuna da wari. In an ɗauke ta a kwance, a bar ta tsaye kwana guda kafin a jona, saboda man kwamfireso ya koma mazauninsa. Janareta kuma ka rufe makunnin fetur ka bar shi ya ci na cikin kafireta har ya mutu da kansa. Tsohon fetur ne ke toshe shi.

Wata 'yar'uwa mai POS: Yaya, wanda ya ba ka hayar shagon fa ka gaya masa da wuri, ko zai samu wanda zai shiga, wataƙila ma sabon ya sayi kantoci da firizar a inda suke, ka huta da dako. Ranar miƙa mukulli ka ɗauki hoton mita da rasidin wuta na ƙarshe a gaban shaida. POS ɗin ka kira wakilin da ya ba ka ka ji ko mayarwa ake yi. Asusun da mutane suka saba tura maka kuɗi kada ka rufe shi, akwai masu biyan bashi bayan wata shida. In ka yi wa shagon rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka shigar da sanarwar daina kasuwanci, don kada kuɗin bayanin shekara-shekara su riƙa taruwa a sunanka.

Malamin Islamiyya: Ɗan'uwa, masu bashin ba ɗaya ba ne. Mai hali da yake taurin bashi, bi shi da shaida, haƙƙinka ne. Wanda yake cikin ƙunci, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a saurara masa har ya samu, ta kuma ce yafewa ta fi alheri. In za ka yafe, kira shi gefe ka gaya masa, ka soke sunan a gabansa. Mutum yakan daina bin layi gaba ɗaya don kunyar bashin mudu biyu na shinkafa. Sai dai mafi yawan malamai ba su yarda a lissafa bashin da aka yafe a matsayin zakka ba. Kayan da wa'adinsu ya wuce kuwa ba na sayarwa ba ne, ba na sadaka ba ne.

Hajiya mai adashi: Ɗana, kuɗin da suka taru ka raba su da na cefane, in ba haka ba kafin ka ankara uwar kuɗi ta shige tukunya. Biya dila, kammala zubin adashi in kana ciki, sallami yaron shago, ko da ɗan teburi ne da kayan farawa. Mai shayin nan kuwa kada ka matsa sai ka biya shi, za ka ɓata masa ladansa. A satin ƙarshe ka ware masa gwangwanin madara da mudun sukari, tsohuwar kuma sabulu da omo, ka kai mata har gida. Benci kada ka sayar. Mutumin da ya shekara 11 yana buɗe ƙofa da sassafe, zaman ɗaki ne ke karya shi. Ka bar bencin wurin mai shayi, ka riƙa fitowa a lokacin da ka saba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe da safe zan je wurin dila da katan huɗu na taliya. Hajiya, bencin yana nan.