Shin cinna wuta ne maganin ƙayar gos a filayen gwamnati?

Malam Sani: Ga abin da na tsaya a kai: a filin gwamnati mai faɗi wanda gos ya cinye, wuta ce hanya mafi arha kuma mafi sauri. Ga wanda bai san shi ba, gos, wato Ulex europaeus, tsiro ne na yammacin Turai, dangin wake, ƙaya daga tushe har sama, mai fure rawaya. Turawa suka kai shi Niyu Zilan a ƙarni na 19 don yin shinge, ya ƙetare shingen ya mamaye tuddai. In ya haura mita biyu ya cushe, ba mutum ba dabba mai ratsa shi. Wa zai biya leburori su sare dubban hekta da adda?

Hajiya Rabi: Malam Sani, an kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba. Wuta abin da ke sama kawai take ci. Kututturen yana sake tohowa, sannan ga irin da ke kwance a ƙasa, wanda kan haura shekara 30 bai mutu ba. Ɓawonsa tauri ne da shi, zafin wutar ne ma yake fasa shi. Ka share masa inuwa, ka zuba masa toka, ruwa na sauka sai ka ga tsiro ya fito ya fi na da yawa.

Dakta Umar: Ni haɗarin ne ya fi damu na. Akwai mai a jikinsa, kuma busassun ƙayoyi suna taruwa a cikin duhuwarsa shekara da shekaru. Wani ɗan Ayalan, George Bennett, ya kai shi Bandon a jihar Oregon ta Amurka wajen 1873. Ranar 26 ga Satumba 1936 gobarar daji ta bi ta cikin gos ɗin da ya kewaye gidaje ta ƙone kusan garin duka, aƙalla mutum goma suka rasu. Filin gwamnati kuwa yakan yi iyaka da gidaje, hanyoyi da wayoyin lantarki.

Malam Sani: Dakta, waccan gobara ce da ta ɓarke, ba ƙuna da aka shirya ba. Hajiya kuma, abin da kika kira illa shi nake nema. Gara irin ya tsiro lokaci guda a kashe shi yana ƙarami, da ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan shekara 30. A share hanyar tare wuta, a ƙona lokacin da iska ta kwanta, a watsa irin ciyawa mai kauri nan take, a dawo a yi feshin maganin ciyawa.

Hajiya Rabi: To ka ga ba wutar ce maganin ba, dawowar ce. Kuma a nan aikin hukuma yake yawan mutuwa: a ware kuɗin shekara guda, a ƙona, a tafi. Duk wanda ba shi da kuɗin bibiya na aƙalla shekara biyar, kada ya kyasta ashana.

Injiniya Hadiza: Bari in faɗi yadda ake yi inda babu halin wuta. A fara daga gefe, inda tsiron yake ɗai-ɗai, a nufi tsakiya. Wanda ya faɗa wa cunkoson da farko, gefen zai ci gaba da yaɗuwa a bayansa. A sare dab da ƙasa, a shafa maganin ciyawa mai kauri, gilaifoset ko tiraikilofir, a kan kututturen cikin daƙiƙa 30. Shi ya sa ake aikin mutum biyu-biyu, mai sara da mai shafawa. In aka jinkirta, bakin saran ya rufe, maganin bai kai ga saiwa ba. In feshi ne, dole a haɗa da sinadarin da ke sa magani ya ratsa, domin ƙayar santsi ne da ita kamar an shafa kakin zuma, ruwan zamewa yake yi. A jiƙa tsiron duka. Ɓangaren da aka tsallake shi zai rayu. Kada a yi sara bayan kwanson ya nuna, don in rana ta yi zafi fashewa yake ya watsa iri mita da dama. A wanke taya da bakin injin sara kafin a bar wurin, don kada a kwashi iri zuwa wani wuri. Awaki suna cin sabon toho, amma sai an killace su shekaru a jere.

Malam Isa: Duk kun ɗauka dole a kashe shi. A gandun Hinewai kusa da garin Akaroa a Niyu Zilan, tun 1987 masanin tsirrai Hugh Wilson ya bar gos ya tsufa, ya hana wuta da dabbobi shiga. Gos ba ya jure inuwa. Tsuntsaye suka kawo irin itatuwan asali, suka tsiro a ƙarƙashinsa, yana kare su daga iska yana ƙara wa ƙasa taki, har suka haura shi suka kashe shi. Kowace ƙuna tana mayar da wannan aiki baya.

Dakta Umar: Malam Isa, gaskiya ne, amma da sharaɗi. Sai inda ruwan sama ya wadata kuma akwai ragowar kurmi kusa da zai ba da iri. A busasshen tudu ko filin ciyawa babu itacen da zai haura shi. Hinewai ma tsawa ta tayar da gobara a cikinsa a 2011. Kuma ko a can sai an share shi a bakin iyaka saboda gonakin maƙwabta.

Malam Isa: Na yarda da sharaɗin. Ƙwarin da ake saki don su ci irin gos ma taimako ne kawai: wanda aka saki a Niyu Zilan a 1931 irin bazara kaɗai yake ci, gos kuwa a can sau biyu yake fure a shekara.

Malam Sani: A inda kurmi zai iya dawowa, na janye wuta. A filin kiwo mai nisa da gidaje, wanda gangarensa ya hana inji shiga, har yanzu ban ji wanda ya kawo abin da zai buɗe shi da arha ba.

Injiniya Hadiza: Idan haka ne, Malam, a fara feshe shi ya bushe 'yan watanni kafin ƙuna, kututture kaɗan ne zai toho. Kuma a sa hannu kan kuɗin feshin shekara ta biyu da ta uku tun kafin ranar.