Gudun taimako bayan shekara sittin: wane tsere, wane takalmi?

Baba Mai Ritaya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kun san ni ba mai yawan magana ba ne, in karanta in wuce shi ne nawa. Yau dai ina tafe da doguwar magana, a yi wa tsoho haƙuri.

Shekarata 64. Shekara uku ke nan da na fara fita gudu, tun ranar da likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, ga tumbi ya yi gaba ya bar ni a baya. Makon farko maƙwabcina ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Malam lafiya? Wa ya biyo ka?" Na ce masa in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Ni nawa sa gudun a katin asibiti ya zo.

Zuwa yanzu na shiga gudun taimako sau huɗu, uku a nan Kaduna, ɗaya a Abuja. Na farko na masu sikila ne, a watan Yuni, kusa da ranar 19 da ake tunawa da cutar. Jikata tana da ita, na kwana a asibiti da ita ba sau ɗaya ba, saboda haka ban tsaya ciniki ba na biya kuɗin rajista. Kilomita 5 ne, na yi shi a minti 44, rabi sassarfa rabi tafiya. Da na iso ina haki, yarinyar nan ta miƙo min ruwa ta ce in haka mijin nata yake gudu, ta fasa auren. Tun daga ranar abin ya shiga raina.

Amma na ƙarshen nan, mako biyu da suka wuce, ya ba ni wuya. Kilomita 10. An ce ƙarfe bakwai za a tashi, muka tsaya a rana muna jiran babban baƙo, aka yi jawabi kan jawabi, sai tara saura aka busa usur. Kafin mu na baya mu kai kilomita 6, teburin ruwa ya zama tarin ledar da wasu suka sha suka yar. Aka kuma buɗe hanya tun muna kai, na ƙarasa ina kauce wa Keke Napep. Yanzu gwiwata ta hagu tana min ciwo wajen saukowa daga bene da zaman tahiya.

To ina neman shawara kan gwiwar nan, da takalmin da zan saya, da kuma yadda mutum zai gane tseren da ya dace da irinmu tun kafin ya ba da kuɗinsa.

Auta: Wa alaikumus salam Baba. Wallahi kun ba mu kunya, ni shekarata 27 ban taɓa wuce kilomita 3 ba.

Anti Nas: Baba sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Bari in fara da gwiwa tunda ita ce ta gaggawa. Ta kumbura? Tana yi maka kamar za ta goce, ko ta ƙage ta ƙi miƙewa? In akwai ɗaya daga ciki, ka ajiye gudu ka je a duba ka. In ciwo ne kawai a gaban ƙoƙon gwiwa lokacin saukowa, yawanci nauyin aiki ne ya yi mata yawa lokaci guda. Ka huta da gudu kamar mako biyu, amma kada ka kwanta, ka riƙa tafiya a wuri mai laushi. Ka kuma ƙarfafa cinya: ka zauna kan kujera ka tashi ba tare da dafa hannu ba, sau goma, ka huta, ka sake. Cinya in ta yi ƙarfi ita ke ɗauke wa gwiwa kaya.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne maganin ciwon jiki. Na san da yawa daga cikin 'yan zauren nan suna haɗiyar diclofenac ko ibuprofen kafin tsere don kada su ji ciwo. Ga mai hawan jini da ya haura sittin, wanda zai yi zufa a rana babu ruwa, wannan cutar da ƙoda ne kai tsaye. A daina.

Baba Mai Ritaya: Babu kumburi 'yata, kuma ba ta gocewa. Amma maganar maganin nan kamar kin leƙa aljihuna. Na daina.

Anti Nas: Madalla. Sannan ka tambayi likitanka wane irin maganin hawan jini kake sha. Akwai mai sa yawan fitsari, shi yana rage ruwan jiki tun kafin ka fara gudu. Akwai kuma mai rage bugun zuciya, wanda in kana shan sa agogon hannu ba zai nuna maka ainihin wahalar da kake sha ba. Ma'aunin da ya fi sauƙi: in kana gudu kana iya yi wa na kusa da kai magana jimla guda ba ka yanke ba, kana daidai. In ƙirji ya riƙe, ko jiri ya ɗebe ka, ko ciwo ya bi hannun hagu ko muƙamuƙi, ka tsaya a nan take, ko da layin ƙarshe kake hange. Kuma a yi maka gwajin zuciya na ECG kafin tsere na gaba, ba shi da wata wahala.

Baban Walid: Maganar takalmi kuwa a bar min. Baba ba sai ka kashe kuɗin fansho a kan sabo dal na kanti ba. Mu a Kano Kofar Wambai muke shiga, wajen 'yan gwanjo, kuma na tabbata a Kaduna ma ba a rasa ba. Sai dai gwanjo sai da ido. Ka juya shi ka duba ƙasan, in diddigen ya cinye gefe ɗaya ka ajiye. Ka danna soson da babban yatsa, in ya shige bai taso ba, ko ka ga ya yi layi-layi kamar fatar tsoho (a gafarce ni Baba), ya gama aiki. Wani takalmin samansa fes kamar ba a taɓa sawa ba, amma soson ya mutu. Masu harkar suna cewa takalmin gudu yana ƙarewa ne tsakanin kilomita 500 zuwa 800, kuma na gwanjo ba ka san nawa mai shi na farko ya ci ba.

Ka je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da kake gudu da ita. Ya zama akwai faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsunka da bakin takalmin. Ni sai da farcena biyu suka yi baƙi suka fita kafin na koyi wannan.

Malam Na Samaru: Kuma kada a sa sabon takalmi ranar tsere. Na yi, na dawo gida da bororo kamar na taka garwashi.

Baban Walid: Haka ne. A shafa man basilin a matsematsi da hammata ma.

Ɗan Filato: Baba ranka ya daɗe. Ni na yi tsere na gaske da ƙuruciya, a Pankshin muke atisaye, inda yawancin masu cin tseren nesa na ƙasar nan suke fitowa, saboda tudu da sanyin wurin. Yanzu shekarata 51, ni ma na koma layin baya, kuma sai da na koma na ga abin da ban taɓa gani ba. Na gaba bai san ruwa yana ƙarewa ba. Bai san ana buɗe hanya ba. Masu shirya tsere suna shirya wa mutum goman farko ne da mai ɗaukar hoto, alhali kuɗin taimakon daga aljihun na baya yake fitowa, don su ne masu yawa.

Saboda haka ni kafin in biya, sai na kira lambar da ke jikin takardar na yi tambaya. Ƙarfe nawa za a tashi, kuma bara ƙarfe nawa aka tashi? In sun ce bakwai amma akwai "manyan baƙi", ka ƙara awa ɗaya da rabi a ranka. Har zuwa ƙarfe nawa hanya za ta kasance a rufe? Akwai motar asibiti da ke bin na ƙarshe? Tebur nawa ne na ruwa? A kilomita 10 bai kamata a rasa uku ba. In wanda ya ɗauki wayar ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

Sannan ka tambaya ko akwai rukunin shekaru. A ƙa'idar wasannin guje-guje ta duniya, rukunin manya yana farawa ne daga shekara 35, ana raba shi shekara biyar-biyar. Ka ga kai da 'yan 60 zuwa 64 ya kamata a gwada ka, ba da ɗan bautar ƙasa ba. Ƙananan tserenmu ba kasafai suke yi ba, amma in mutum biyar suka kira suka tambaya, wata shekarar za su sa.

Hajiya Mai Tattaki: Ni tambayata ta kuɗin ce. Akwai wanda na shiga bara, aka ce na marayu ne. Mun biya, an ba mu riga, an yi kiɗa, har yau ban ji gidan marayun da aka kai wa ko buhun shinkafa ba. Tun daga nan in asusun da aka turo na mutum ɗaya ne ba na ƙungiya ba, ba na sa ko sisi. Ina kuma duba ko suna da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, sannan in ce su nuna min abin da aka yi da kuɗin bara. Masu gaskiya ba sa jin haushin tambayar nan, har murna suke yi.

Alhaji, in kana son waɗanda ba su da hayaniya, ka sa ido a kan na asibitoci da ƙungiyoyin likitoci. Ranar zuciya ta duniya 29 ga Satumba, ta ciwon suga 14 ga Nuwamba, Oktoba kuma watan sankarar mama ne. Yawancinsu tattaki ne, mai son gudu ya yi gudu, kuma sau da yawa ana auna jini da suga kyauta a wurin. Ni da hijabina da dogon wando nake zuwa, babu mai kallona.

Auta: Baba me zai hana ku gwada na Legas? Fabrairu ake yi, a ƙare a Eko Atlantic. Ko Okpekpe.

Ɗan Filato: Auta kana son Baba kuwa? Na Legas kilomita 42 ne da 'yan kai, ga iskar can mai ɗanshi da ba ta barin zufa ta bushe. Akwai na kilomita 10 a ranar, wannan zai iya in gwiwa ta warke. Okpekpe kuwa, can Edo kusa da Auchi, kilomita 10 ne amma hawa ne da gangara, kuma gangara ita ce maƙiyiyar gwiwa. Duk biyun ma ba na taimako ba ne, na cin kyauta ne, 'yan Kenya da Habasha suke zuwa su kwashe.

Malam Na Samaru: Ko rabin fanfalakin da aka yi a Kaduna a 2020 na kilomita 21, ni kallo na yi. Amma Baba kada shekaru su karya maka gwiwa, bayan wadda ta riga ta karye. Fauja Singh, ɗan Indiya mazaunin Ingila, yana da 89 ya yi fanfalakinsa na farko a Landan, ya kuma kammala na Toronto a 2011 yana da shekara 100. Kundin Guinness ya ƙi sa shi saboda ba shi da takardar haihuwa.

Baba Mai Ritaya: Ashe ɗan'uwana ne. Ni ma tawa a kotu aka rantse aka ba ni.

Malam Na Samaru: Allah ya ba ka yawan rai Baba. Abin da ya sa na kawo shi: bai mutu a kan gudu ba. A 2025 mota ce ta buge shi yana tsallaka titi a ƙauyensu a Punjab. Saboda haka maganar rufe hanya da Ɗan Filato ya yi ba ƙarama ba ce. In kana fita da duhun asuba ka sa riga mai haske, ka bi gefen da kake fuskantar motoci.

Hajiya Mai Tattaki: Ga hunturu ma na tafe. Sanyin yana da daɗin gudu amma ƙurar ba ta da kirki, mai asma ya yi hattara. Ranar da hazo ya rufe gari ni a tsakar gida nake zagaye.

Anti Nas: Abinci kuma Baba, kada ka cika ciki da ƙosai kafin tsere, man zai dame ka. Koko ko kunun gyaɗa kaɗan da ayaba, awa biyu kafin a tashi. Ka sa dabino uku a aljihu, musamman masu shan maganin suga a cikinmu, don suga na iya faɗuwa a hanya. Ka riƙe ƙaramar gorar ruwanka, kada ka dogara da teburinsu. In ka dawo ka ga fitsari ya yi ja sosai, ka haɗa ruwan gishiri da suga na ORS ka sha.

Ɗan Filato: In ka dawo fagen, ga dabarar da nake bi: minti uku sassarfa, minti ɗaya tafiya, tun daga farko, ba sai ka gaji ba. Samari za su wuce ka a guje a kilomita ta farko, a ta bakwai za ka same su riƙe da ƙugu. Kwana uku a mako ya isa, kuma ka nemi ƙasa ko ciyawa ka rage kwalta.

Baba Mai Ritaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya raya mana zuri'a. Na rubuta komai a bayan katin asibitin. Litinin zan je a yi gwajin zuciyar. Na ciwon suga na Nuwamba zan nufa, kilomita 5, in gwiwa ta yarda. Baban Walid, in ka shiga Wambai ka duba min lamba 44, ka turo hoton ƙasansa kafin ka biya.

Baban Walid: An gama Baba. Amma 45 zan duba, ka manta maganar farce.

Auta: Baba ranar Asabar a ina kuke tafiyar? In zo in riƙe muku gora.

Baba Mai Ritaya: Dandalin Murtala, bayan asuba, ƙarfe shida. Ka zo da taka gorar, ni zan riƙe tawa.